Shin matasan Japan bauta wa mawaƙa suke yi? Tambayoyi da amsoshi kan oshi da oshikatsu

Duk wanda ke yawo a TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: wata budurwa a Tokyo ta jera hotunan wani mawaƙi a kan tebur, ta kunna kyandir, ta ajiye kek a gaba, tana hawaye alhali shi mawaƙin bai ma san da zamanta a duniya ba. A ƙasan bidiyon kuma ba a rasa mai rubuta "wannan ai bautar gunki ce". Ga amsoshin tambayoyin da mutane suka fi yi a kan lamarin.

Mene ne oshi, mene ne kuma oshikatsu?

Oshi ya fito ne daga kalmar Japananci osu, wadda ke nufin ka tsaya wa wani, ka tallata shi, ka ce wa mutane "ga nawa". Oshinka shi ne wanda ka zaɓa ka ke mara wa baya da zuciyarka da aljihunka. Yana iya zama mawaƙi, ɗan wasan kwaikwayo, ɗan kokawar sumo, jarumin fim ɗin zane wanda babu shi a zahiri, har ma dabba a gidan zu ko jirgin ƙasa. Oshikatsu kuwa shi ne duk hidimar da ake yi dominsa: zuwa wasa, sayen kaya, sa tufafi masu launinsa, yawo da ɗan 'yartsanarsa a jaka ana ɗaukarsa hoto a gidan shayi.

Kalmar ta yaɗu ne daga wajen masoyan ƙungiyoyin 'yan mata mawaƙa, sannan ta shiga bakin kowa. A 2021 oshikatsu tana cikin kalmomin da aka tsayar a gasar fitattun kalmomin shekara ta Japan. A farkon wannan shekarar ce kuma Usami Rin, tana da shekara 21, ta lashe kyautar adabi ta Akutagawa da littafinta Oshi, Moyu, labarin wata 'yar sakandare da rayuwarta ta wargaje bayan an zargi oshinta da dukan wata masoyiyarsa. Yarinyar labarin tana kiran oshin nata ƙashin bayanta.

To ina ruwan wannan da addini?

A bakinsu abin yake. Idan ka saurari yadda masoyan ke magana, sai ka rantse daga wurin ibada suka fito.

Idan oshi ya yi wani abin da ya taɓa zuciya, ba a ce "ya burge ni" ba, sai a ce toutoi, kalmar da asalinta ake faɗa wa abu mai tsarki da ɗaukaka. Idan ka matsa wa abokinka sai ya saurari waƙoƙin oshinka, har ka saya masa faifai da kuɗinka, abin da kake yi sunansa fukyo, wato wa'azi ko yaɗa addini. Kuɗin da ka zuba wajen sayen kaya ko ka tura wa mai watsa shiri kai tsaye a YouTube, ofuse ne, sadakar da ake bai wa limaman addinin Buddha. Teburin nan da ake jera hotuna da bajoji da 'yartsana ranar zagayowar haihuwar oshi, saidan ake ce masa, wato bagadi. Wanda ya yi nisa a soyayya har ba ya ganin laifin oshinsa, shinja ne, mabiyi. Zuwa garin da aka ɗauki fim ko aka zana a labari kuwa seichi junrei ne, ziyarar ƙasa mai tsarki. Ita kanta kalmar kami, wadda ake fassarawa da abin bauta, ta zama ruwan dare: mawaƙiyar da ta tarbi masoyi da fara'a an ce ta yi masa tarbar kami, 'yan mata bakwai da suka fi farin jini a ƙungiyar mawaƙa ta AKB48 kuwa an riƙa ce musu Kami 7.

Ba kalma ɗaya ba ce, ba biyu ba. Da wannan ne malaman jami'a da 'yan jarida suka fara tambaya ko dai wani abu ne ya koma wani wuri.

Da gaske suke yi, ko dai wasa ne?

Duka biyun, kuma a nan ne baƙo ke ruɗewa. Budurwar da ta ce ta gina bagadi ta san sarai cewa oshinta mutum ne, yana cin shinkafa, yana mura. Ba ta roƙonsa lafiya ko arziki, ba ta tsammanin zai amsa mata bayan mutuwa. Tana amfani da kalmar ne da raha, irin ta mai yi wa kansa dariya. Amma hawayen na gaske ne, kuɗin ma na gaske ne. Kalmomin yau da kullum sun yi mata kaɗan, sai ta ari manya.

Ba an ce yawancin Japanawa ba su da addini ba?

An ce, kuma su da kansu ke faɗa. A wani bincike da gidan rediyo da talabijin na NHK ya yi a 2018, kashi 62 cikin ɗari sun ce ba su da addinin da suke bi. Kashi 31 sun ce Buddha, kashi 3 Shinto, wato addinin gargajiya na Japan, kashi 1 Kirista. Amma idan aka tara alƙaluman mabiya da ƙungiyoyin addini ke miƙa wa gwamnati, jimillar kan kai wajen miliyan 180, a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 125 ba. Mutum ɗaya ana ƙirga shi a wurin bautar Shinto na unguwarsu, a kuma ƙirga shi a haikalin Buddha da kakanninsa ke kwance.

Wanda ya tashi a gidan da addini ke farawa da kalmar shahada, zai ga kamar akwai ƙarya a nan. Babu. A Japan addini aiki ne da ake yi a lokacinsa, ba aƙida ce da ake furtawa ba. Mutumin da ya ce maka ba shi da addini shi ne za ka gani a layi ranar 1 ga Janairu, cikin mutum kusan miliyan uku da ke zuwa wurin bautar Meiji a Tokyo a kwanaki ukun farko na shekara. Zai jefa tsabar kuɗi a akwati, ya rusuna sau biyu, ya tafa sau biyu, ya sake rusunawa. An kai shi wurin bautar Shinto yana jariri, wataƙila ya yi aure a ɗakin da aka gina kamar coci, idan ya mutu limamin Buddha ne zai yi masa karatu. A gidan kakarsa akwai butsudan, wani ɗan kabad da ake ajiye sunayen mamata, kullum da safe tana zuba musu shinkafa da shayi tana ba su labarin gida.

Yarinyar da ta girma tana kallon kakarta na haka, ranar da ta jera hotunan oshi ta ajiye kek a gaba ba wani sabon abu ta ƙirƙiro ba. Hannunta ya riga ya san yadda ake yi.

Sai kuma maganar kami. Kalmar ba ta nufin Mahalicci ɗaya tilo da babu kamarsa. Shinto na maganar kami miliyan takwas, ma'ana ba su ƙirguwa: dutse, kogi, tsohuwar bishiya, har da mutanen da suka shahara. Sugawara no Michizane, wani malami kuma ɗan fada da ya mutu a 903, yau shi ne kamin ilimi da ɗalibai ke zuwa wurinsa kafin jarrabawa. Tokugawa Ieyasu, wanda ya haɗe ƙasar a ƙarƙashin mulkinsa, an yi masa wurin bauta a Nikko. Tazarar da ke tsakanin mutum da kami a can gajeriya ce, shi ya sa kiran mawaƙiya kami ba ya girgiza kowa.

In haka ne, me ya sa ba sa son a ce addini suke yi?

Domin kalmar shukyo, wato addini, tana da wari a hancin Bajapane. Kalma ce da ta kafu bayan 1868, lokacin da ƙasar ta riga ta buɗe ƙofa ga Turawa, kuma tun farko tana nuni ne ga ƙungiya mai shugaba da aƙida da rajistar mabiya. Ranar 20 ga Maris 1995 ƙungiyar Aum Shinrikyo ta saki gubar sarin a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo, mutum 13 suka mutu a lokacin, dubbai suka jikkata, kuma da yawa daga cikin manyan ƙungiyar matasa ne masu digiri daga fitattun jami'o'i. A Yulin 2022 aka harbe tsohon Firaminista Abe Shinzo a Nara, wanda ya harbe shi ya ce haushinsa na Cocin Haɗin Kai ne, da mahaifiyarsa ta kwashe dukiyar gida ta ba su. Matashin Japan na yau da waɗannan labaran ya tashi. Ka ce masa abin da yake yi ya yi kama da addini, zai yi dariya ya yarda. Ka ce masa ya shiga addini, sai ya ja da baya.

Yaya ziyarar "ƙasa mai tsarki" take?

Misalin da kowa ke kawowa shi ne Washinomiya, wani tsohon wurin bautar Shinto a lardin Saitama, arewa da Tokyo. A 2007 aka fara nuna wani fim ɗin zane mai suna Lucky Star, wanda biyu daga cikin 'yan matan labarin 'ya'yan limamin wani wurin bauta ne da aka zana da kamannin Washinomiya. Sai samari suka fara sauka daga jirgi da kyamara a wuya, suna neman daidai inda za su tsaya ƙofar ta fito kamar yadda take a fim. Masu zuwa ziyarar sabuwar shekara suka kai wajen 300,000 a 2008, fiye da ninki biyu na shekarar da ta gabata, suka kai wajen 470,000 a 2011.

Abin kallo a can shi ne allunan ema. Ema ɗan allon katako ne, bai fi tafin hannu biyu ba, ana saya a wurin bauta a rubuta buƙata a rataye. A wasu wuraren za ka ga "a ba ni sa'ar jarrabawa" ko "a ba mahaifiyata lafiya". A Washinomiya sai ka tarar an zana fuskar 'yar fim da alƙalami mai launi, wani zanen ya ci awa biyu ko uku, a gefe an rubuta ranar zuwa da garin da aka fito, wani ma ya rubuta karo na nawa ke nan da ya zo. A ƙasa kuma, da ƙananan haruffa, roƙon samun aiki. Wa ake roƙo, kamin wurin ko yarinyar da aka zana? Ba lallai shi ma mai allon ya taɓa zama ya raba su ba.

'Yan kasuwar garin ba su yi sanya ba. Suka buga kayan tsaraba, kuma daga 2008 aka yi mikoshi na musamman mai hotunan 'yan fim ɗin, wato ɗan ɗakin bauta da ake ɗauka a kafaɗa ranar biki, masoyan da suka zo daga nesa suna ɗauke da shi a bikin garin. A 2016 aka kafa ƙungiyar yawon buɗe ido ta fina-finan zane, wadda ke fitar da jerin wurare 88 na ziyara. Ba haka kawai aka zaɓi 88 ba: adadin haikalan Buddha ne na tsibirin Shikoku, zagayen da ya kai kilomita 1,200 wanda masu ziyara ke yi tun ɗaruruwan shekaru.

Masu kula da wuraren bautar ba sa jin haushi?

Wasu na ji, musamman idan baƙi suka cika hayaniya. Amma da yawa sun yi maraba. Japan na da wuraren bautar Shinto wajen 80,000, kuma na ƙauyuka da dama ba su da mai share su, matasa sun tafi birni. Wurin bautar Kanda Myojin, da ke dab da unguwar Akihabara a Tokyo, har layu da alluna masu hoton 'yan fim ɗin zane yake sayarwa.

Na ji ana ce wa mawaƙan aidoru. Ba gunki ke nan ba?

Asalin kalmar daga Turanci ne, kuma a can tana iya nufin gunki. A Japananci kuwa aidoru matashin mawaƙi ne ko mawaƙiya da ake so saboda fara'a da ƙoƙari, ba lallai don murya ba. Gunki yana da tasa kalmar daban, guzo.

Ina kuɗi ya shigo?

Ai kuɗin ne uwa uba. A 2005 Akimoto Yasushi ya kafa AKB48 a wani ɗan ƙaramin zaure a Akihabara, da taken mawaƙan da za ka iya zuwa ka gani ido da ido. Dabarar da ta yi musu arziki ita ce saka tikiti a cikin faifan CD. Wani tikitin na gaisawa ne: ka bi layi a wani makeken zaure, a duba jakarka, ka miƙa tikiti, ka riƙe hannun oshinka na 'yan sakan. Akwai ma'aikaci a tsaye bayanka, hagashi ake ce masa, wato mai ɓamɓarewa, lokaci na cika zai dafa kafaɗarka ya ja ka gaba ko kana tsakiyar magana. Mai son ƙarin lokaci sai ya ƙara faifai. Wani tikitin kuma na ƙuri'a ne, a zaɓen da aka riƙa yi kowace shekara daga 2009 zuwa 2018 don fitar da waɗanda za su tsaya a gaba. Mutum ɗaya kan sayi faifai iri ɗaya goma, ɗari, ya cire tikitin ya rasa inda zai kai sauran.

A 2012 wani mai sharhi, Hamano Satoshi, ya fitar da littafin da ke cewa AKB48 addini ce, takensa ma na cewa tauraruwar ƙungiyar, Maeda Atsuko, ta zarce Almasihu. Taken ya jawo masa suka sosai. Ni abin da na fi gani a tsarin shi ne, wanda ya zuba kuɗin yana kiransa sadaka, wanda ya karɓa kuwa yana rubuta shi a littafin ciniki.

Me ya sa abin ya yi ƙarfi a wannan zamanin?

Amsar da aka fi bayarwa ita ce kaɗaici. A ƙidayar 2020, kashi 38 na gidajen Japan mutum ɗaya ne a ciki. Aure na raguwa, jariran da Japanawa suka haifa a 2024 ba su kai 700,000 ba, kuma a 2021 gwamnati har minista ta naɗa kan matsalar kaɗaici. Kamfanin da a da yake riƙe ma'aikaci har ritaya, da unguwar da ke haɗa mutane a biki, duk sun yi rauni. Oshikatsu na ba mutum kalanda, ranar wasa da ranar fitar faifai da ranar haihuwa, yana ba shi jama'a, yana ba shi dalilin jure wa aiki. Sau da yawa za ka ji suna cewa don oshi suke aiki.

Sai dai kada a ɗauka duk mai oshi marayan zuci ne. Akwai matan aure da 'yan fansho a ciki, akwai uwa da 'ya masu oshi ɗaya, suna tafiya wasa tare.

Sabon abu ne ke nan?

Sunan ne sabo. Tun zamanin Edo, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, 'yan wasan kwaikwayon gargajiya na kabuki na da masoya masu sayen hotunansu da aka buga da katako, suna kwaikwayon ɗinkin rigarsu. 'Yan sumo na da masu ɗaukar nauyinsu da ake kira tanimachi. Ziyarar ma haka take: a 1830 miliyoyin mutane suka yi tururuwa zuwa babban wurin bautar Shinto na Ise, kuma kowa ya san rabin tafiyar ibada ce, rabi yawon shan iska da cin daɗi a hanya.

Wace illa ke tattare da shi?

Bashi ne na farko. Akwai ɗalibai da ke ƙarar da kuɗin makaranta kan hotunan nan-take da ake ɗauka da ƙananan mawaƙa bayan wasa, akwai 'yan matan da soyayyar wani ma'aikacin gidan shaƙatawa ta jefa su bashin da ya kai su karuwanci, shi ma oshi suke kiransa.

Su ma waɗanda ake so ɗin suna biya. Kamfanoni da yawa na hana aidoru soyayya don kada ran masoya ya ɓaci. A farkon 2013 Minegishi Minami ta AKB48 ta aske kanta ƙwal, ta fito a bidiyo tana kuka tana neman gafara, laifinta kawai an ɗauke ta hoto tana fitowa daga gidan saurayi. A 2014 wani mutum ya far wa 'yan ƙungiyar biyu da zarto a wurin gaisawa a lardin Iwate. A 2023 kuma babban kamfanin mawaƙa maza na Johnny Kitagawa ya amsa cewa mai shi, wanda ya mutu a 2019, ya shafe shekaru yana lalata da yaran da ke ƙarƙashinsa. An daɗe ana raɗe-raɗin, kafofin labaran ƙasar suka yi gum.

Ba daidai yake da yadda samarinmu ke yi wa ƙwallo ba?

Akwai kama. Wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ranar da Barcelona ta haɗu da Real Madrid ya san mutum na iya ƙin cin abinci saboda wanda bai san shi ba. Bambancin shi ne, a nan saurayi zai yi ihunsa, a kira salla ya tashi, kuma ba zai taɓa yarda a haɗa biyun a jumla ɗaya ba, domin iyakar a bayyane take. A Japan babu wannan katangar, sai kalmomi da al'adu suka riƙa tsallakawa daga wannan ɓangare zuwa wancan. Hukuncin abin a shari'a kuwa na malamai ne, ba na wannan shafi ba.

Idan oshi ya daina waƙa, ko ya mutu fa?

Idan aidoru za ta bar ƙungiya, ba a ce ta bar aiki ba, an ce ta yi sotsugyo, wato ta sauke karatu, kuma ana yi mata babban wasan bankwana. Masoya na da wata magana da suke yi wa juna, cewa ka tsaya wa oshinka tun yana nan. Bayan tafiyarsa wasu kan koma wa wani, wasu su sayar da kayan a intanet, wasu kuma su kasa jefa 'yartsanar a shara, su kai ta haikalin da ake yi wa tsofaffin 'yartsana addu'ar sallama kafin a ƙone su, al'adar da ta girmi oshikatsu nesa ba kusa ba.

Wanda babu shi a zahiri ma ana yi masa makoki. A 1970 wani ɗan dambe mai suna Rikiishi Toru ya mutu a cikin labarin zane na Ashita no Joe, bayan ya ƙuntata wa kansa da yunwa don ya rage nauyi ya kara da jarumin labarin. A watan Maris na shekarar, marubuci Terayama Shuji da 'yan ƙungiyarsa ta wasan kwaikwayo suka shirya masa jana'iza a zauren kamfanin Kodansha da ke buga labarin a Tokyo. Aka kafa dandalin dambe a tsakiyar zaure, aka ɗauko limamin Buddha na gaske ya yi karatu, ɗaruruwan mutane suka zo, yawancinsu ɗalibai da matasan ma'aikata, aka kunna turare a gaban hoton mutumin da da tawada aka zana shi.